Nisan Kano da Ikko: Tafiyar Mutum da Tafiyar Kaya



In aka tambayi ɗan makaranta nisan Kano da Ikko, zai ce kimanin kilomita 830 ne ta sama, wajen 1,130 kuma ta hanyar jirgin ƙasa. Amma shi farke da kwanaki yake auna nisa, da kuma abin da hanya ta ci masa. Da ma'aunin farke nake so mu dubi tarihin masana'antun Kano.

Kafin zuwan Turawa, Kano arewa da yamma ta fi fuskanta. Ayarin raƙuma kan yi watanni kafin ya kai Tarabulus, haka fataken goro masu zuwa Gwanja. Dogo ne ya juya fuskarta kudu. Ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanya har Ikko a 1912, sai tafiyar makonni ta koma ta 'yan kwanaki. Nan da nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa, domin an sami abin da zai kai kaya mai nauyi bakin teku da araha.

Jirgin sama ya biyo baya. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka Kano daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Khartum zuwa Kano, daga baya har Ikko. Yanzu tafiyar ba ta wuce kamar sa'a ɗaya da rabi.

To, a kan waɗannan hanyoyi aka gina masana'antunmu. Bompai, wadda ta girme su duka, ta tashi tun wajen shekarun 1950, da matatun man gyaɗa da masaƙu. Sharaɗa ta bunƙasa a shekarun 1970, sannan Chalawa ta biyo, inda majemu suka yi yawa. Gyaɗa da auduga da fata namu ne, amma injuna da kayan gyaransu da sinadarai, galibinsu ta tashar jiragen ruwa ta Apapa suke shigowa. Ke nan kowace masana'anta a nan tana biyan kuɗin tafiyar da takwararta ta Ikeja ba ta biya.

Muddin jirgin ƙasa na aiki, wannan nauyi mai ɗaukuwa ne. Da reluwe ta raunana, musamman daga shekarun 1980, sai kaya ya koma kan tireloli, masu kwanaki a hanya da tsadar haya. Ga faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, ga ƙarancin wutar lantarki. Masana'antu da yawa suka rufe, ma'aikata suka rasa abin yi. Mai masana'anta zai karya kumallo a Kano, ya yi azahar a Ikko, ya dawo ya kwana a gidansa, alhali injin da ya sayo bai ko baro Apapa ba. Jirgin sama ya rage wa mutum nisa, bai rage wa kaya ba.

A watan Janairu na 2023 an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, don a riƙa tantance kaya a Kano. Sai dai amfaninta ya dogara ne a kan dogo mai aiki. Saboda haka, ku da ke tsara manufofi, da ku da za ku gaje su, in kuna son sanin lafiyar Bompai da Sharaɗa da Chalawa, ku tambaya: kwana nawa kwantena ke yi daga bakin teku zuwa ƙofar masana'anta, kuma a kan naira nawa?