Mai Shari'a Aloma Mukhtar, Matar da Ta Fara Buɗe Mana Ƙofar Kotu

  A yau za mu ɗan taɓa tarihi ne, tarihin wata baiwar Allah, Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar, macen da ta fara zama lauya a duk faɗin Arewacin Najeriya.

Na san wata za ta ce, to ni da nake cikin kulle, ban taɓa taka ƙofar kotu ba, ina ruwana da lauya? Uwargida, da ruwanki. Ranar da aka zo rabon gonar mahaifinki, shari'a ce. Ranar da aure ya mutu aka shiga maganar wa zai riƙe yara, shari'a ce. Sadakinki da ba a gama biya ba, shi ma shari'a ce. Ko ba ki fita ba, shari'a tana shigowa har tsakar gida. Saboda haka ki ɗan rage wutar murhu, ki matso kusa.

An haifi Maryam Aloma ranar 20 ga Nuwamba, 1944, 'yar jihar Kano ce. Ta fara karatu nan kusa da mu, a Zariya, a makarantar firamare ta Saint George, daga nan ta wuce makarantar Saint Bartholomew da ke Wusasa. Ki tuna wane zamani ake magana. Lokacin Turawa ne, lokacin da ko ɗa namiji sai an yi ja-in-ja da iyaye kafin a sa shi makarantar boko, balle 'ya mace. Iyayen da suka bar 'yarsu ta yi wannan karatu a wancan lokaci sun yi ƙarfin hali, domin ba za su rasa masu yi musu surutu ba.

Bayan Wusasa sai ta tafi Ingila, ta ƙara karatu, ta shiga fannin shari'a. A 1966 aka amince da ita a matsayin lauya a can Ingila, a 1967 kuma aka rantsar da ita a nan Najeriya. A kudancin ƙasar nan an riga mu, don tun a shekarun 1930 Legas ta sami lauya mace, Stella Thomas. Mu a Arewa sai da aka ƙara fiye da shekara 30 kafin mu sami tamu.

Ba a sama ta fara ba. A 1967 ta kama aiki a ma'aikatar shari'a ta Arewa a matsayin ƙaramar lauyar gwamnati. A 1971 ta zama majistare a tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, wadda hedkwatarta take Maiduguri. A 1973 ta dawo Kano ta zama babbar magatakardar kotunan jihar. A 1977 aka naɗa ta alƙaliyar babbar kotun Kano, ita ce mace ta farko da ta hau wannan kujera. A 1987, shekarar da aka cire jiharmu ta Katsina daga tsohuwar Kaduna, ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, ta fara aiki a Ibadan, nan ma ita ce mace ta farko. Shekara 18 ta yi a wannan kotu. Sai a 2005 ta shiga Kotun Ƙoli, wato kotun da in ta yanke hukunci babu sauran inda za a je a ƙasar nan. Kin ji haƙuri. Manomi ma ba ya shuka auduga yau ya kai ta kasuwa gobe.

Akwai wata shari'a da ta sa mutanen Katsina musamman ba za su manta da ita ba, domin 'ya'yan jihar nan biyu ne suka kai juna gabanta. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2007, Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya ƙalubalanci nasarar Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, mutumin Katsina. Magana ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai bakwai suka zauna. A watan Disamba na 2008 huɗu suka ce zaɓe ya tabbata. Uku suka ce a'a, an saɓa dokar zaɓe, musamman da yake an yi amfani da takardun ƙuri'a marasa lambobi a jere kamar yadda doka ta tanada, don haka a soke a sake. Aloma tana cikin ukun nan, tare da Mai Shari'a George Oguntade da Mai Shari'a Walter Onnoghen. Ki lura, a ranar 'Yar'aduwa ne ke kan mulki. Ba maganar wanda kika zaɓa muke yi ba, Allah ya jiƙan su duka biyun. Abin dubawa shi ne, ta faɗi abin da ta fahimta na doka alhali ta san ba zai yi wa mai mulki daɗi ba, kuma ta san ba su ne masu rinjaye ba.

Ranar 16 ga Yuli, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya rantsar da ita a matsayin Babbar Jojin Najeriya, bayan Mai Shari'a Dahiru Musdapher. Ita ce mace ta farko da ta shugabanci dukan alƙalan ƙasar nan. Da majalisar dattawa ke yi mata tambayoyi kafin a tabbatar da ita, ba ta ɓoye ba, ta yarda cewa akwai cin hanci a cikin harkar shari'a, ta kuma yi alkawarin yaƙarsa. A zamaninta an yi wa wasu alƙalai ritayar dole, an dakatar da wasu. Ta sauka ranar 20 ga Nuwamba, 2014, ranar da ta cika shekara 70, kamar yadda doka ta tanada. Sai bayan shekara goma, a 2024, wata mace ta sake hawa wannan kujera, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun.

To, ƙofar da ta buɗe, wasu sun biyo baya, har amfaninsu ya iso yankinmu. Manyanmu za su tuna shari'ar Amina Lawal ta ƙauyen Kurami. A watan Maris na 2002 kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa, a watan Agusta babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar. Cikin lauyoyin da suka tsaya mata akwai mace, Hauwa Ibrahim, 'yar wani ƙauye a jihar Gombe, tare da Aliyu Musa Yawuri wanda ya gabatar da hujjoji a gaban alƙalai. Hujjojin nan daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokar jihar aka ciro su: cewa alƙali ɗaya ne ya zauna alhali doka ta nemi fiye da haka, kuma wanda ya yi iƙirari yana da damar janyewa. A ranar 25 ga Satumba, 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci da ke Katsina ta sallame ta. Da ba a sami masu ilimin da za su bi mata hanya ba, da magana ta tsaya a Funtuwa.

Yanzu bari mu dawo gida. Ke da ke saurarona, kin san rabonki? Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, in da kishiyoyi su raba tumunin a tsakaninsu. In bai bar 'ya'ya ba, rubu'i ne, ɗaya cikin huɗu. 'Ya mace tana da rabin abin da ɗan uwanta namiji ya samu. Uwa tana da sudusi, ɗaya cikin shida, in mamacin ya bar 'ya'ya. Kuma rabon nan ya shafi gona da gida, ba tukwane da tabarmi kawai ba. Sau nawa muke jin an ce wa mace ta bar gonar a hannun yayanta, ai shi zai riƙa nomawa? Ba laifi ya noma in kin yarda, amma a auna a nuna miki iyakarki, a gaban shaidu, a rubuta. Zumunci ya fi ɗorewa in kowa ya san nasa.

In abu ya rikice, ki fara da gida, da malamin unguwa, da mai gari. In bai warware ba, kotu tana nan, kuma kina iya naɗa wakili ya tsaya miki. In hukunci bai gamsar da ke ba, akwai ɗaukaka ƙara, sai dai tana da wa'adi, kada a yi jinkiri. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta sa a tambayar mata hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi mata da ake kira FIDA.

Sannan ga 'yar nan taki da ke zaune kusa da ke tana tsince wake. Akwai maganar da mace ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa namiji ba, ko da lauya ne, ko da likita ne. In ba mu bar 'ya'yanmu mata sun yi karatu ba, wa za mu faɗa wa? Ki lallashi maigida, a bar ta ta haɗa allo da boko, ta gama sakandare, in Allah ya hore a tura ta gaba. Aloma ma daga ajin firamare a Zariya ta fara.

Allah ya saka wa Mai Shari'a Aloma Mukhtar da alheri, ya shirya mana zuriya, ya ba mu alƙalai masu tsoronsa.