Kashin Dawaki a Matsayin Shaidar Tarihi: Hanyar da Hannibal Ya Bi

Gabatarwa

Masana tarihi sun daɗe suna dogaro da rubutattun bayanai da kufai da tarkacen tukwane wajen gano al'amuran da suka shuɗe. Wannan maƙala za ta duba wata sabuwar madogara, wato sinadarin gado da ake kira DNA na ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasa, ta hanyar nazarin wata tsohuwar muhawara.

Tushen Muhawarar

A shekarar 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Hannibal, sarkin yaƙin birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya taso daga Sifaniya da dubban mayaƙa da dawaki da giwaye, ya tsallaka tsaunukan Alps ya afka wa Rumawa a Italiya. Polibiyus da Libi, marubutan da suka ba da labarin, sun saɓa wa juna, don haka aka shafe ƙarnoni ana jayayya kan mashigin da rundunar ta bi.

Abin da Ƙasa Ta Adana

A shekarar 2016, William Mahaney na Jami'ar York a Kanada da Chris Allen na Jami'ar Queen's a Belfast suka bayyana sakamakon tonon da suka yi a wata fadama kusa da mashigin Traversette, kan iyakar Faransa da Italiya. Sun tarar da wani sashe na laka da aka tattake, mai ɗauke da DNA na bakteriyar Clostridia fiye da kima. Wannan bakteriya tana yawaita a hanjin doki, tana fitowa cikin kashinsa, kuma takan lulluɓe kanta ta jure shekaru aru-aru a ƙasa. Awon kabon ya nuna sashen ya yi daidai da zamanin Hannibal. Da yake ruwa ba ya tsami banza, sai suka ɗauka cewa dabbobi masu ɗimbin yawa sun tsaya shan ruwa a wurin.

Kammalawa

Wasu masana ba su gamsu ba, domin fatake ma sun riƙa ratsa tsaunukan da dabbobinsu, kuma bakteriya ba ta faɗin sunan mai doki. Saboda haka hujjar tana buƙatar tallafin makamai ko kuɗin Kartaj kafin a rufe muhawarar. Duk da haka, binciken ya nuna cewa ƙasar da mai tono yake zubarwa ita ma abar nazari ce.