Gérard Philipe (1922–1959): Tauraron Fim da Ya Koma Dandamalin Talakawa

Gérard Philipe ɗan wasan kwaikwayo ne na ƙasar Faransa wanda ya yi tashe a dandamali da majigi daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa rasuwarsa a 1959. Shekara 17 kacal ya yi a sana'ar, ya fito a fina-finai kimanin 30 da wasannin dandamali kimanin 20. Fim ne ya kai sunansa ƙasashen waje, amma matsayinsa a tarihin wasan kwaikwayon Faransa ya samo asali ne daga shekarun da ya yi a ƙungiyar Jean Vilar, inda ya ajiye girman tauraro ya zama ɗaya daga cikin 'yan wasa.

An haife shi ranar 4 ga Disamba 1922 a Cannes, a bakin tekun kudancin Faransa, cikin gidan wadata. Asalin sunan gidan Philip ne, daga baya ya ƙara harafi ɗaya a ƙarshe. Mahaifinsa, Marcel Philip, mai harkar otal ne, kuma lauya yake so ɗansa ya zama. Yaron ya fara karatun shari'a a Nice, sai dai yaƙi ya sauya masa hanya. Bayan da Jamus ta mamaye arewacin ƙasar a 1940, 'yan fim da 'yan wasa da yawa sun gudo kudu. Cikinsu akwai darakta Marc Allégret, wanda ya gwada saurayin, ya ga akwai abu a jikinsa, ya tura shi koyon wasa. A 1942 ya fara hawa dandamali, cikin wani wasan barkwanci na André Roussin.

Shekara ɗaya bayan haka yana Paris. A gidan wasa na Hébertot aka ba shi matsayin mala'ika a Sodome et Gomorrhe na Jean Giraudoux, kuma daga nan masu sharhi suka fara ambatonsa: dogo, siriri, mai murya da ba ta kama da ta kowa ba. A watan Agusta 1944 ya shiga sahun matasan da suka tashi don 'yantar da Paris. Mahaifinsa kuwa yana ɗaya ɓangaren. Marcel Philip ɗan jam'iyyar Jacques Doriot ne, wadda ta haɗa kai da 'yan mamaya, kuma a 1945 kotu ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, domin ya riga ya tsere Sifaniya. Ɗan bai bi siyasar uban ba ko da taƙi ɗaya, bai kuma yanke zumunci da shi ba. Ya ci gaba da taimaka masa a zaman gudun hijira.

Wasan da ya tabbatar da shi shi ne Caligula na Albert Camus, a 1945, inda ya fito a matsayin sarkin Rum ɗin nan da mutuwar 'yar'uwarsa ta jefa cikin haukar mulki. Shekarunsa 22. Majigi bai ɓata lokaci ba. A 1946 ya fito a L'Idiot, fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Dostoyevski, sannan a 1947 aka yi Le Diable au corps na Claude Autant-Lara, labarin ɗan makaranta da ya faɗa soyayya da matar wani soja da ke bakin daga. Fim ɗin ya ta da ƙura, tsofaffin sojoji da masu kare ɗabi'a suka yi ta kiran a hana nuna shi, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa. La Chartreuse de Parme ya biyo baya a 1948, sai La Beauté du diable na René Clair a 1950, tare da Michel Simon. Kafin ya cika 30 babu matashin jarumin da ya kai shi kasuwa a Faransa.

A daidai wannan gaɓa ya yi abin da masu irin matsayinsa ba su saba yi ba. Jean Vilar, wanda ya kafa bikin wasan kwaikwayo na Avignon a 1947, ya taɓa yi masa tayin matsayin Rodrigue a Le Cid, tsohon wasan Pierre Corneille na 1637. Philipe ya ƙi, yana ganin shi ba ɗan wasan irin wannan baitoci masu nauyi ba ne. A ƙarshen 1950 shi da kansa ya tako zuwa wurin Vilar ya ce yana so su yi aiki tare. A watan Yuli 1951, a farfajiyar tsohuwar fadar Fafaroma da ke Avignon, ya yi Le Cid da Le Prince de Hombourg na marubucin Jamus Heinrich von Kleist. Ya faɗo daga dandamali lokacin gwaji ya ji rauni a ƙafa, har sai da ya yi wani sashe na Le Cid ba ya iya zirga-zirga. Duk da haka waɗanda suka halarta sun ce wasan da ɗalibai suka gaji da haddacewa a aji ya dawo labarin saurayi mai jini a jika, wanda ya kashe mahaifin masoyiyarsa don kare mutuncin nasa mahaifin. Ya maimaita wannan matsayi kusan sau 200.

A 1951 ɗin ce gwamnati ta damƙa wa Vilar jagorancin Théâtre national populaire, gidan wasan ƙasa na talakawa, wanda ake taƙaitawa TNP. Manufar Vilar ita ce wasan kwaikwayo ya zama hidimar jama'a kamar ruwa da lantarki. Ya rage kuɗin shiga, ya hana ba ma'aikatan zaure ɗan goro, ya matso da lokacin farawa domin leburan da ke unguwannin bayan gari ya samu jirgin komawa gida. Ya kuma riƙa sayar da tikiti ta hannun ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai. Kafin su shiga babban zauren Chaillot da ke Paris, ƙungiyar ta fara da Suresnes, a wajen Paris, inda ake haɗa wasa da kiɗa da cin abinci da tattaunawa da 'yan kallo a ƙarshen mako.

Zauren Chaillot yana ɗaukar mutum kusan 3,000, kuma kyakkyawar manufa kaɗai ba ta cika kujeru. Nan amfanin Philipe ya fito. Mutumin da bai taɓa shiga gidan wasa ba yakan zo don ya ga jarumin sinima ido da ido, sai ya tarar da wasan Corneille ko na Alfred de Musset. Shi kuma ya karɓi sharuɗɗan ƙungiya ba gardama: albashinsa ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da abin da fim ke ba shi, sunansa a takardar talla yana inda jerin baƙaƙe ya ajiye shi, ba a sama ba. Ya yi Lorenzaccio na Alfred de Musset a 1952, ya yi Richard II na Shakespeare da Ruy Blas na Victor Hugo a 1954, ya kuma shirya wasu wasannin da kansa. Hotunan da aka fi sani na wannan zamani Agnès Varda ce ta ɗauke su, tun kafin ta zama darakta.

Bai bar fim ba. Fanfan la Tulipe na Christian-Jaque, a 1952, tare da Gina Lollobrigida, labarin soja ne mai wayo da takobi a zamanin sarki Louis na 15. 'Yan kallo fiye da miliyan 6 suka gan shi a Faransa, ya kuma sa aka san Philipe a Tarayyar Sobiyet da Sin da Japan. Sai dai mai neman gwanintarsa ta gaskiya zai fi samunta a inda ya ɓata kyan nasa: likita mashayi a Les Orgueilleux na 1953, da mayaudarin mata a Monsieur Ripois na René Clément, wanda aka ɗauka a titunan Landan ya fito a 1954. Le Rouge et le Noir da Les Grandes Manœuvres sun zo a 1954 da 1955. Matasan masu sharhi da suka haifar da sabon salon fim na Faransa, musamman François Truffaut, ba su raga masa ba. A wurinsu shi ne fuskar tsohon fim mai ado da yawa da suke son rushewa. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin game da wasu fina-finansa, amma bai dace da Monsieur Ripois ba.

A siyasa ɗan ɓangaren hagu ne. Ya sa hannu a Kiran Stockholm na 1950 na haramta makaman nukiliya, yana kusa da 'yan gurguzu, amma ya yi tir da murƙushe boren Hungary da sojojin Sobiyet suka yi a 1956. A wannan shekarar fim ɗaya tilo da ya ba da umarni, Les Aventures de Till l'Espiègle, wanda aka yi da haɗin gwiwar Jamus ta Gabas, ya fito a mummunan lokaci ya faɗi warwas. A 1958 ya zama shugaban sabuwar ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan Faransa, ya tsaya kan albashi da sharuɗɗan aikin ƙananan 'yan wasa da ba su da suna.

A 1959 ya yi Les Liaisons dangereuses na Roger Vadim tare da Jeanne Moreau, sannan ya tafi Meziko ya yi La Fièvre monte à El Pao na Luis Buñuel. Ya dawo da gajiya da ciwon ciki. Da aka yi masa tiyata a watan Nuwamba, likitoci suka tarar da sankarar hanta da ta riga ta ci ƙarfinsa. Matarsa Anne, wadda ya aura a 1951 suka haifi 'ya'ya biyu, ta zaɓi a ɓoye masa. Ya rasu a gidansa a Paris ranar 25 ga Nuwamba 1959, saura kwana tara ya cika 37. An binne shi a ƙauyen Ramatuelle sanye da kayan Rodrigue. Anne ta ba da labarin makonninsa na ƙarshe a littafinta Le Temps d'un soupir, wanda ya fito a 1963.

Ba a ɗauki wasanninsa na TNP a fim cikakke ba, don haka abin da ya rage daga gare su hotuna ne da faya-fayan murya. Cikin faya-fayan da ya naɗa, karatun da ya yi na Le Petit Prince na Saint-Exupéry a 1954 har yanzu ana sayar da shi. An ba shi lambar girmamawa ta César a 1990, kuma makarantu da gidajen wasa da dama a Faransa suna ɗauke da sunansa, ciki har da Théâtre Gérard-Philipe da ke Saint-Denis, unguwar ma'aikata a arewacin Paris.