Ƙazuwa a Ƙasar Adar: Nazari kan Hanyoyin Magance Ta a Tamaske da Kewaye

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyoyin magance ƙazuwa, cutar fata mai watsa ƙuraje da ƙaiƙayi a jiki, ta fuskar yadda ake zama da kwana a ƙaramar hukumar Tamaske da ke gundumar Keita a jihar Tawa ta Nijar, cikin ƙasar Adar. An dogara ga binciken da aka wallafa daga Mali da Fiji da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka auna su da yanayin Adar. Nazarin ya nuna cewa maganin mutum ɗaya ba ya raba gida da cutar, sai an haɗa duk masu kwana a shimfiɗa ɗaya an yi musu rana ɗaya.

Gabatarwa

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙazuwa cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma ƙiyasinta shi ne a kowane lokaci mutum sama da miliyan 200 na fama da ita. Mai haddasa ta wani ɗan ƙwaro ne da bai kai rabin milimita ba, wanda masana ke kira Sarcoptes scabiei. Macen ce ke haƙa rami a saman fata, tana zuba ƙwai biyu zuwa uku a rana, su ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 4. Wanda ya kamu a karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara susa, alhali yana yaɗa ta. Wannan jinkirin shi ne ginshiƙin hujjar maƙalar nan.

Gane cutar

Ba kowane ƙurji da ya feso a jiki ne ƙazuwa ba. Ƙyanda na zuwa da zazzaɓi da tari da jan ido, ƙurajenta kuma daga fuska suke sauka. Ƙurajen da suka biyo bayan shan wani magani, suka taɓa baki da ido, na gaggawa ne, asibitin gunduma ya kamata a nufa da su. Ita ƙazuwa alamarta ƙaiƙayin dare. Malamin asibiti ya ware yatsun yaron ya duba tsakaninsu, ya juya wuyan hannu, ya duba hammata da cibiya da ɗuwawu, ga jariri kuma har tafin hannu da tafin ƙafa. Daga nan sai tambayar da ta fi kowace daraja: “Baiwar Allah, wa da wa ke susa a gida?” Aikin da Antoine Mahé da abokansa suka yi a Mali, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna cewa horon yini ɗaya kan irin waɗannan alamomi na inganta yadda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke kula da cututtukan fata.

Magunguna da iyakarsu

Man permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ana shafa shi daga wuya har yatsun ƙafa, ya kwana a jiki awa 8 zuwa 14, a maimaita bayan mako guda. Benzyl benzoate ya fi araha, sai dai yana da zafi a fatar da aka sosa, kuma dole a sirka shi ga yara. Man farar wuta, dare uku a jere, ya dace da jarirai ƙanana da masu juna biyu. Ƙwayar ivermectin ana auna ta da nauyin jiki, maikurogiram 200 ga kowane kilo, a sake sha bayan kwana 7 zuwa 14 domin ba ta kashe ƙwai. Ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba.

Abu biyu ke ɓata aikin magani. Ƙaiƙayi kan ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, sai uwa ta ɗauka maganin bai karɓi ɗanta ba, ta koma wurin mai tallar magani a kasuwa. Abin da yakan miƙa mata, sau da yawa, mai ne mai sinadarin kotizon irin wanda ake bilicin da shi. Yana kwantar da ƙaiƙayi, ƙwaron kuwa, in akwai sauransa, yana ta hayayyafa a ƙarƙashi. Ga susa kuma tana buɗe wa ƙwayoyin bakteriya ƙofa, ƙurji ya yi ruwa ya zama gyambo, wanda kan iya kai yaro ga ciwon ƙoda.

Darasin Fiji da yanayin Adar

A gwajin da aka yi a wasu tsibiran Fiji, aka wallafa a 2015, an kwatanta hanyoyi uku. Inda aka yi wa marasa lafiya da mutanen gidansu kaɗai magani, cutar ta ragu da kashi 49 cikin ɗari bayan shekara guda. Inda aka shafa wa kowa permethrin ta ragu da kashi 62. Inda aka ba jama'a duka ivermectin kuwa, masu cutar sun sauko daga kashi 32.1 zuwa 1.9. Taron masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a Manila a 2019 ya ba da shawarar maganin gayya a duk inda masu cutar suka kai kashi 10 cikin ɗari.

Amma tsibiri ruwa ya kewaye shi, Tamaske kuwa garin 'yan ci-rani ne. Maza na fita bayan kaka zuwa Najeriya da Kodebuwa da Libiya, su kwana a cunkushe a masauki, su dawo gab da damina. Almajirai ma haka suke kai da komo, da ɗari kuma bargo ɗaya ke rufe yara da yawa. A ganin marubucin, rabon maganin da aka yi a tsakiyar rani, lokacin da magidanta da samari da dama ba sa gari, ba zai daɗe yana tasiri ba. Ya kamata ya dace da dawowar matafiya. Akwai kuma abin lura: wanda ya daɗe a dazuzzukan Kamaru ko Gabon na iya ɗauke da tsutsar Loa loa a jini, kuma ivermectin na da haɗari ga mai ita da yawa, don haka sai an tambayi matafiyi inda ya yi ci-rani.

Nijar ba baƙuwa ba ce a aikin maganin gayya. Ta yi shekaru tana raba ivermectin gida-gida domin yaƙi da tundurmi, kuma a watan Janairun 2025 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar makantar kogi.

Batun ruwa ma sai an duba shi da idon basira. A ƙasar duwatsu kamar Adar, inda mata ke cin doguwar tafiya kafin su cika tulu, umurnin a dafa dukan tufafi a ruwan zafi magana ce da ba za a bi ba. Ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 a raye idan ya rabu da jikin mutum. Ya isa a ƙulle tufafi da zannuwa a leda mako guda, a shanya tabarma da bargo a rana. Wanka kaɗai ba ya kashe shi, saboda haka kuskure ne a riƙa danganta cutar da ƙazanta, abin da ke sa manya ɓoye ta.

Giɓi mafi girma yana cikin tsarin kuɗi. Tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnatin Nijar, amma wannan bai haɗa da yayye da iyaye ba. Sai a yi wa autan magani, da dare ya koma jikin uwa da ɗan'uwan da ba su fara susa ba tukuna. Maƙalar na kira ga hukumomin lafiya na gundumomin Keita da Buza da Madawa da su ƙidaya masu cutar a makarantun boko da na allo, sannan su sa a riƙa rubuta maganin ƙazuwa da sunan gida, a ba kowa nasa a rana ɗaya, ko yana susa ko ba ya yi.