'Yan Hamayya a Majalisar Wakilai ta Ikko, 1960 zuwa 1963

Kalmomi biyu ne Bahaushe ya ɗauka don kiran jam'iyyar da ba ta riƙe da mulki, watau "adawa" da "hamayya", kuma dukkansu daga Larabci aka aro su. Asalin ma'anar adawa ita ce ƙiyayya, irin wadda ke tsakanin abokan gaba. Hamayya ta ɗan fi ta sauƙi, domin ta fi karkata ga kishi da gasa, kamar yadda ake samu tsakanin 'ya'yan sarki masu neman gadon sarauta ɗaya. Ko wacce mutum ya zaɓa, babu wadda ke nuna cewa mai yin ta wani aiki yake yi wa ƙasa. Wannan maƙala za ta duba yadda aka gwada wannan aiki a Majalisar Wakilai ta Tarayya a shekaru uku na farkon mulkin kai, da abin da ya samar, da kuma yadda aka ƙare da shi.

Ba wai ƙasar Hausa ba ta san gaya wa mai mulki gaskiya ba ne. Waziri yana iya tsawata wa sarki, malamai suna yin wa'azi, mawaƙi yana soka zambo, masu zaɓen sarki kuma suna da tasu ta cewa. Amma yawancin wannan a cikin sirri ake yin sa, ko a kaikaice cikin habaici, kuma mai yin sa ba ya cewa a ba shi kujerar. Abin da Turawa suka zo da shi dabam ne: a ware wa wasu mutane kujeru a gaban gwamnati, a biya su albashi daga baitulmali, aikinsu shi ne su tuhume ta a bainar jama'a, alhali kowa ya san burinsu su kayar da ita su hau.

A Ingila ma ba dare ɗaya aka saba da wannan ba. A shekarar 1826 ne wani ɗan majalisa mai suna John Cam Hobhouse ya fara kiran su 'yan hamayyar Mai Martaba Sarki, kuma cikin raha ya faɗa, amma sunan ya zauna. Sai a 1937 doka ta yanka wa shugabansu albashin fam 2,000 a shekara. Makamansu ba su da yawa. Akwai lokacin tambayoyi, inda tilas minista ya miƙe ya ba da amsa da bakinsa. Akwai muhawarar kasafin kuɗi, domin gwamnati ba ta da ikon taɓa ko anini sai majalisa ta yarda. Akwai Kwamitin Binciken Kuɗin Gwamnati, wanda Gladstone ya sa aka kafa a 1861, kuma al'ada ta zaunar da cewa ɗan hamayya ke shugabantarsa. Daga ƙarshe akwai batun rashin amincewa da gwamnati, wanda ba kasafai yake cin nasara ba, ko da yake a watan Maris na 1979 ya kayar da gwamnatin James Callaghan da ƙuri'a 311 da 310. Wanda ya lura zai ga cewa, ban da na ƙarshen, duk makaman nan ba na cin ƙuri'a ba ne. Amfaninsu shi ne su tilasta wa gwamnati ta yi magana, a rubuta abin da ta faɗa cikin littafin muhawarar majalisa, jaridu su ɗauka, gobe a riƙe ta da shi.

Wannan tsari aka miƙa wa Nijeriya. A zaɓen 12 ga Disamba 1959 an yi takarar kujeru 312. Jam'iyyar N.P.C. ta sami 134, N.C.N.C. da abokiyar ƙawancenta NEPU suka sami 89, Action Group da nata ƙawayen suka sami 73, sauran suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da masu zaman kansu, waɗanda da yawansu suka koma N.P.C. daga baya. N.P.C. da N.C.N.C. suka haɗu suka kafa gwamnati a ƙarƙashin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Cif Obafemi Awolowo, wanda ya bar wa mataimakinsa Cif S. L. Akintola kujerar Firimiyan Jihar Yamma da fatan zama Firayim Minista, ya wayi gari Shugaban 'Yan Hamayya. Cikin manyan na kusa da shi akwai Anthony Enahoro da J. S. Tarka na ƙasar Tibi. Wani abin al'ajabi na wannan lissafi shi ne matsayin Malam Aminu Kano. A Arewa shi ne babban mai sukar N.P.C., mabiyansa suna shan ɗauri a kotunan En'e, amma a Ikko ƙawancensa da N.C.N.C. ya zaunar da shi a ɓangaren gwamnati, har ya zama ɗaya daga masu tsawatar wa 'yan majalisarta. Saboda haka muryar da talakan Kano ya fi sani da tuhumar masu mulki ba ta cikin sahun 'yan hamayya.

Shi kansa Firayim Minista ba baƙo ba ne ga amfanin tuhuma a majalisa. A watan Agusta na 1950, yana wakilin Bauci a Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, ya kawo batun a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, ya faɗi abin da ba a saba faɗa ba game da ikon sarakuna da halin da talaka yake ciki. Batun ya tsallake da ƙyar, aka yi bincike, kuma daga cikin abin da ya biyo baya har da Dokar En'e ta 1954. Ya san dai abin da mutum ɗaya zai iya yi idan ya miƙe tsaye da hujja.

Gwaji mafi girma ya zo ne a kan Yarjejeniyar Tsaro tsakanin Nijeriya da Ingila. A taron tsarin mulki da aka yi a Landan a 1958, Ministan Tsaron Ingila, Duncan Sandys, ya gabatar wa shugabannin Nijeriya daftarin wata yarjejeniya, suka sa hannu a kan jigoginta, har da Awolowo, wanda a lokacin Firimiya ne. Ba a bayyana wa jama'a abin da ke ciki ba. Daftarin farko ya ƙunshi ba Ingila hayar fili domin jiragen samanta na yaƙi, da izinin ratsa sararin samaniyar Nijeriya, da horar da sojojinta a nan. Ita kuma za ta taimaka wajen horar da sojan Nijeriya da ba su makamai. A 1960, bayan ya koma ɓangaren hamayya, Awolowo ya fasa ƙwai. Ya ce matsa musu aka yi, aka nuna musu cewa mulkin kai ya rataya ne a kan sa hannun, kuma ƙasar da ta ba wata damar sauke jiragen yaƙi a cikinta ba za ta iya cewa 'yar ba-ruwanmu ce ba.

Gwamnati ta sami abin mayar masa da martani cikin sauƙi, tunda ga hannunsa nan a takarda. A nawa ganin wannan zargi yana da ƙarfi, kuma babu laifi mai karatu ya yi zaton da shi ya ci zaɓen 1959 da wataƙila ba a ji bakinsa ba. Amma tsarin majalisa bai dogara ga tsarkin zuciyar ɗan hamayya ba. Abin da ya dogara gare shi shi ne a sami wanda yake da riba in ya tona abin da gwamnati take son rufewa, ko da son kai ne ya sa shi. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: da maganar ta fito fili, dole aka kawo yarjejeniyar gaban majalisa, Ministan Tsaro Alhaji Muhammadu Ribaɗu ya kare ta sashe sashe, kuma kafin a kai ga haka an riga an cire maganar hayar fili daga cikinta.

A watan Nuwamba na 1960 aka jefa ƙuri'a, gwamnati ta yi rinjaye mai yawa, kamar yadda kowa ya sani tun kafin a zauna. In da ƙuri'a ce ma'aunin aikin hamayya, da an ce an yi asarar yawu. Sai dai abin da aka faɗa cikin zauren ya riga ya fita waje. A ƙarshen wannan wata ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Badun suka yi ɗango zuwa Ikko, suka kutsa harabar majalisa, sai da 'yan sanda suka tarwatsa su. Ƙungiyoyin ƙwadago da na matasa suka ɗauka, jaridu suka yi ta yayatawa, har wasu matasan N.C.N.C., waɗanda jam'iyyarsu ke cikin gwamnati, suka shiga sahun masu suka. A waje kuma, ƙasashe irin su Gana da Gini suka sami abin yi wa Nijeriya gori, cewa har yanzu tana ƙarƙashin hammatar Ingila. A watan Janairu na 1962, 'yan kwanaki kafin shugabannin ƙasashen Afirka su hallara a Ikko domin taro, gwamnatocin biyu suka ba da sanarwar soke yarjejeniyar. Gaskiya ne an ci gaba da wasu abubuwan da ta ƙunsa, kamar horar da hafsoshi a Ingila, ba tare da takarda ba. Duk da haka mutane saba'in da 'yan kai sun sa gwamnati mai rinjayen fiye da kashi biyu cikin uku ta janye abin da ta riga ta zartar.

Ba a ƙara ganin irin wannan ba. Dalili na farko daga cikin gidan hamayyar ya fito. Saɓani tsakanin Awolowo da Akintola ya bayyana a taron jam'iyya na Jos a Fabrairu 1962, kuma ɗaya daga abubuwan da suka raba su shi ne wannan tambaya da muke kanta: Akintola yana ganin zama a hamayya asara ce ga Yarabawa, gara a shiga gwamnati a sami rabo. Ranar 25 ga Mayu aka ba hammata iska a Majalisar Jihar Yamma, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Ranar 29 ga wata Majalisar Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, duk da jayayyar Awolowo cewa rikicin bai fita daga zaure ɗaya ba, aka naɗa Dakta Moses Majekodunmi ya riƙe ta. Ba a jima ba aka taƙaita zirga-zirgar Shugaban 'Yan Hamayya da kansa.

Daga nan makamin bincike ya juya. Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a G. B. A. Coker ya duba kamfanonin Jihar Yamma, ya kuwa gano cewa an karkatar da maƙudan kuɗin Hukumar Ciniki ta jihar, watau kuɗin manoman koko, zuwa ga jam'iyyar Action Group ta hanyar wani kamfanin zuba jari. Ba ƙage ba ne, kuma ya kamata a faɗa. Amma kwamitin ya wanke Akintola, kuma ba a kafa irinsa ba a kan hukumomin gyaɗa da auduga na Arewa, ko na manja a Gabas, balle ma'aikatun Tarayya. Wanda ya kamata ya nemi a yi hakan a majalisa shi ne yake gaban kwamiti yana kare kansa. 'Yan majalisar Action Group suka yi ta sauya sheƙa zuwa inda inuwa take, har sahun hamayya ya koma 'yan tsiraru. Ga shi kuma majalisar ba ta zama sai na 'yan makonni a shekara, ana zartar da dokoki da kasafi cikin gaggawa, kuma adadin ministoci da sakatarorinsu yana ta ƙaruwa, kowannensu ƙuri'arsa ta gwamnati ce tun kafin a buɗe baki.

A jihohi abin ya fi haka muni. A zaɓen Jihar Arewa na 1961, N.P.C. ta kwashe wajen kujeru 160 daga cikin 170, NEPU ta tsira da ɗaya tak. Maƙwabtanmu na Nijar ma ba su tsaya wannan wahala ba, domin tun a watan Oktoba na 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary. A nan ne kalmar adawa ta koma ga ma'anarta ta asali.

A watan Nuwamba na 1962 aka gurfanar da Awolowo da wasu mabiyansa bisa tuhumar shirya kifar da gwamnati, kuma ranar 11 ga Satumba 1963 Mai Shari'a George Sowemimo ya ɗaure shi shekara 10. Enahoro ya tsere kafin a kama shi, ya isa Landan, aka tsare shi a can bisa roƙon gwamnatin Nijeriya, a ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1881 ta mayar da masu laifi tsakanin ƙasashen daular Ingila. Wannan doka ba ta ware laifin siyasa ba. Sai ga 'yan hamayyar Ingila, watau jam'iyyar Leba a ƙarƙashin Harold Wilson, sun tasa Ministan Cikin Gida Henry Brooke a gaba. A watannin farko na 1963 sun sa an yi muhawara a kan maganar sau da dama, suna tambayar ko hukuncin kisa na iya hawa kansa, da kuma ko za a bar shi ya ɗauki lauyan da yake so, tunda an san gwamnatin Nijeriya ta hana Dingle Foot, wanda lauya ne kuma ɗan majalisar Leba, shiga ƙasar. Sai da Firayim Minista Harold Macmillan ya miƙe da kansa ya kare ministansa. Gwamnati ta ci ƙuri'a, aka sa Enahoro a jirgi a watan Mayu, kotun Ikko ta yanke masa shekara 15. Shi da Awolowo suna kurkuku har soja suka rufe majalisar a Janairu 1966, sai a watan Agusta na shekarar Yakubu Gowon ya sake su. A Ingila kuwa Leba ta hau mulki a 1964, kuma a 1967 ta soke dokar 1881, ta kafa wata sabuwa wadda ta hana a miƙa mutum ga wata ƙasar Kwamanwel in laifin da ake tuhumarsa da shi na siyasa ne.