Ibrahim Narambaɗa Tubali

Ibrahim Narambaɗa makaɗin kotso ne na fadar Sarkin Gobir na Isa, a gabashin ƙasar Sakkwato. An haife shi a Tubali, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta jihar Zamfara. Sunan mahaifinsa Maidangwale, mahaifiyarsa kuwa Riba, mutuniyar Badarawa, wadda ita ma tana waƙa. Laƙabin Narambaɗa ya samo shi ne daga wata karyarsa da ake kira Rambaɗa.

Marubuta sun saɓa a kan shekarar haihuwarsa: wasu sun ce 1875, wasu 1890. Ta biyun ta fi kama hankali. Sarkin Gobir Amadu Bawa ya hau gado a 1935, kuma a zamaninsa ne aka yi waƙoƙin da suka ɗaukaka Narambaɗa. In aka ɗauki 1875, to sai ya zamana ya soma tashe yana ɗan shekara 60, muryar da ke cikin faya-fayensa kuma ta dattijo mai kusan 80 ce. Duk wanda ya saurare su ya san da wuya a ce haka.

Da kiɗan noma ya fara, yana zuga manoma a wajen gayya, kafin ya koma kiɗan fada. Kotso ganga ce mai baki ɗaya, ana rataya ta a kafaɗa, a kaɗa da hannu, a matsa tsarkiya don sauya amo. Ba ta da hayaniya, saboda haka kalma ce ke gaba, kiɗa na biye. A nan Narambaɗa ya yi zarra. Yakan kafa gindin waƙa, ya ɗauko ɗan waƙa ya kai shi tsakiya, sai ya sakar wa 'yan amshi su ƙarasa, har mai sauraro ya rasa inda jagora ya tsaya da inda yaransa suka karɓa. Yabon sarki yakan zo da asalinsa na gidan Muhammadu Bello, sannan zambo ya biyo baya ga 'yan sarkin da ke harin gadon, ba tare da kama suna ba. Da siffa kawai mutanen Isa ke gane wanda ake nufi. Ya yi wa dokin sarki waƙa sukutum, wato Dokin Iska, inda ya bi sukuwarsa gari gari. Bakandamiya kuwa ita ce ya fifita da bakinsa a kan sauran, kuma rabonta mai yawa kirarin gwanintarsa ne shi kansa. Daga gare ta ne Hausawa suka saba kiran fitaccen aikin kowane mawaƙi da wannan suna.

Hausarsa ta yamma ce tsantsa. Abin da mutumin Boɗinga ko Shagari zai ji kai tsaye, Bakano sai an warware masa, kuma wannan ne ya sa ake samun kurakurai a rubutattun matanonin waƙoƙinsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa a Makaɗa da Mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya keɓe masa littafi guda a 2009.

Amadu Bawa ya ci gaba da sarauta har 1975, shekaru bayan rasuwar mawaƙin nasa. Rasuwar Narambaɗa wasu sun sa ta a 1960, wasu a 1963.