Al'adun Zinder

Zinder, wanda Hausawa suka fi sani da Damagaram, birni ne a kudancin Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 240 arewa da Kano. Yana cikin manyan birane uku na ƙasar, tare da Yamai da Maraɗi, kuma shi ne mazaunin Sarkin Damagaram. Al'adun birnin sun ginu ne a kan tushe biyu. Na farko shi ne gadon Hausawa da Barebari, wanda ya riƙe fada da masallaci da gida da bukukuwa. Na biyu shi ne abin da mulkin Faransa ya bari tsakanin 1899 da 1960, wanda ya fi fitowa a makaranta, ofis, kuɗi, da kalmomin da ake amfani da su yau da kullum. Mafi yawan mazauna birnin Musulmi ne masu jin Hausa, akwai kuma Barebari, Buzaye, Fulani, Tubawa da Larabawa.

Tarihi

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne daga Borno a ƙarni na 18, kuma ya daɗe yana kai gaisuwa can. A farkon ƙarni na 19 aka mayar da fadar Zinder. Masarautar ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Sakkwato ba, wannan ne ya bambanta ta da Kano da Katsina da Zazzau. Ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884. Shi ya kewaye birnin da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ya kuma jawo ayarin fatake masu bin hanyar Kano zuwa Agadas da Tarabulus. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a ƙarshen 1852. Daga baya Sarki Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, har ya iso Gezawa.

A watan Mayu na 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder. Shekara guda bayan haka sojojin Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, a ƙarshen Yuli 1899, suka shiga birnin. An kashe Kuran Daga bayan 'yan makonni, aka naɗa Ahmadu Ɗan Bassa. A 1906 Faransawa suka zarge shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, suka damƙa garin a hannun wani bafade mai sarautar Ballama. Sai a 1923 aka mayar da sarautar gidanta da naɗin Barma Mustafa. Zinder ce hedikwatar mulkin mallaka na Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar, domin garin yana zaune ne a kan duwatsu, haka nan Faransawa ba su saki jiki da kusancin mutanensa da Kano ba, wadda ke hannun Ingilishi.

Iyakar da ta raba Damagaram da Daura da Kazaure da Gumel ta fito ne daga yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906. Ita ce ta sa dangi ɗaya suka rabu gida biyu, wasu suka yi boko da Ingilishi, wasu da Faransanci.

Unguwanni da gine-gine

Tsohon garin kashi biyu ne. Birni shi ne cikin ganuwa, inda fadar sarki da babban masallaci da gidajen masu sarauta suke. Zango, wanda ake rubutawa Zengou a takardun hukuma, yana arewa da shi, kuma can ne masaukin fatake da Buzaye tun zamanin ayari. Sanannen attajirin nan Malam Yaro a nan ya zauna. Faransawa sun gina barikinsu a kan dutse, suka sa masa sunan Cazemajou, sannan suka shimfiɗa ofisoshi da gidajen ma'aikata da tituna masu faɗi a filin da ke tsakanin unguwannin biyu. Wannan sabon yanki shi ya haɗe Birni da Zango suka zama gari ɗaya.

Ginin gargajiya na tubali da azara ne, da zankwaye a saman soro, da zane a fuskar gida, wani a kwarzane wani a shafe da launuka masu haske. Zanen ƙofar gida yana nuna arzikin mai gidan. A 2006 Nijar ta sa unguwar Birni da fadar sarki a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Abin da ya rage na ganuwar kaɗan ne, kuma ginin siminti da rufin kwano suna ta cin na ƙasa, kamar yadda ake gani a cikin birnin Kano.

Harshe

A harshe ne cuɗanyar ta fi bayyana. Hausar Damagaram da ta Kano suna fahimtar juna ba tare da tafinta ba, amma mutumin Gwarzo ko Kabo da ya je Zinder zai ci karo da kalmomin da bai saba ji ba, kusan dukkansu a fannin abubuwan da Bature ya zo da su. Inda Hausar Najeriya ta ara daga Ingilishi, ta Nijar ta ara daga Faransanci. Ofis shi ne biro, kanti shi ne bitik, kwastan su ne duwan, fetur shi ne isansi, lasin tuƙi shi ne farmi, babur kuma moto. Gidan yari ana ce masa gidan kaso, daga kalmar cachot. Ɗan majalisa dipite ne. Akwai kuma jandarma, rundunar tsaro da babu irinta a Najeriya, saboda haka kalmar ba ta da takwara a wannan ɓangaren.

Kalmomin ba su shigo yadda suke ba, sai da Hausa ta tanƙwara su. A Faransanci ana liƙa harafin l a gaban sunan da ya fara da wasali idan ana nufin sanannen abu. Kunnen Bahaushe ya ɗauki wannan harafi a matsayin ɓangaren kalmar, shi ya sa l'école ta zama lakkol ko lakwal, wato makarantar boko, l'impôt kuma ta zama lanho, wato haraji. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, don haka sai ta cusa wasali a tsakani: préfet, babban jami'in mulki na yanki, ya zama perehe a bakin mutane da yawa. Wasu kalmomin ma'anarsu ce ta sauya. Monsieur a Faransanci lakabin girmamawa ne ga kowane namiji, amma mushe a Hausar Nijar malamin makarantar boko ne, domin shi ne mutumin da yara suka fi kira da wannan suna. Kalmar ta yi kama da mushe na dabbar da ta mutu ba yanka, sai dai karin sautinsu ya bambanta, kuma baƙi daga Najeriya kan yi raha da wannan. Malam kuwa ya tsaya ga malamin addini, rabon da babu shi a Kano, inda kalma ɗaya ta ɗauki duka biyun.

Lissafin kuɗi wani abu ne da ke rikita baƙo. Kuɗin ƙasar sefa ne, wanda Faransa ta ƙirƙiro a 1945, amma a kasuwa ba da lambar da ke jikin kuɗin ake ciniki ba. Ana ƙirgawa ne da dala, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Sefa 100 dala ashirin ke nan, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 kuma jika guda. Sunan dala ya girmi zuwan Faransawa, domin sunan tsohon kuɗin azurfa ne da fatake suka sani, aka ɗora shi a kan ƙwandalar faran biyar.

Rubutun sunaye ma ya bi ƙa'idar Faransanci, inda ou ke wakiltar u ko w. Tanimu ya zama Tanimoune, Yusufu ya zama Issoufou, Tasawa ta zama Tessaoua, Gure ta zama Gouré. Da aka yi bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba a birnin a 2018, an sa wa shirin gyaran garin suna Zinder Saboua, wato Zinder Sabuwa. A rubutun Hausa na hukuma bambancin ƙasashen biyu kaɗan ne; wanda aka fi lura da shi shi ne Nijar tana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyar da yara da harshen uwa, a 1973, kuma da Hausa aka fara.

Akwai kalmomi biyu da suka nuna yadda harsunan ke zaune kafaɗa da kafaɗa. Majalisar samari da ke taruwa a bakin titi suna shan shayi ana kiranta fada. Ƙungiyoyin matasa masu ɗaga ƙarfe, waɗanda aka fi dangantawa da faɗace-faɗace, su kuma ana kiransu palais, wadda ita ma fada take nufi a Faransanci. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, 'yar asalin garin, wanda ya fito a 2021, a kan irin waɗannan matasa na unguwar Kara-Kara aka yi shi.

Fada da bukukuwa

A fada da wuya a ga alamar Faransa. Sarautu irin su Ciroma, Galadima, Yarima da Kaigama daga Borno suka zo, dogarai na sanye da ja da kore, ana busa kakaki da algaita. Ma'azu Ɗan Alalo shi ne mawaƙin fadar da aka fi sani, har a Najeriya. Da sallah sarki yana hawa, mahauta kuma suna yin hawan ƙaho, inda saurayi ke tarar bijimi ya kama ƙahonninsa. Hukuma dai tana da hannu a sarauta tun zamanin Turawa: an tuɓe Sarki Abubakar Sanda a 2001, aka mayar da shi a 2011.

Wasan kara biki ne da matasa ke shigar manyan ƙasa, su kwaikwayi shugabanni da hafsoshi da sarakuna a bainar jama'a. Wasan kwaikwayo na dandamali ya shigo ta makarantun boko, amma da Hausa ya yi farin jini, musamman ta ƙungiyar Yazi Dogo, wadda daga Zinder ta yi suna a rediyo da talabijin na ƙasa. Kokowa ita ce wasan da ya fi tara jama'a. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, wadda ke zagayawa jiha-jiha. Masanin tarihi André Salifou, haifaffen Zinder, ya rubuta tarihin masarautar a ƙarni na 19 da kuma wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune, duka da Faransanci. Jami'ar garin sunansa take ɗauke da shi.

Abinci

Abincin gida na Hausa ne: tuwon gero, fura, dambu, kilishi, da alkaki. Abin da aka gada daga Faransawa shi ne dogon burodi mai ɓawon ƙarfi, wanda masu shayi ke tsagawa su zuba ƙwai, saɓanin burodin gwangwani mai laushi na Najeriya.

Kwatanci da Puducherry

Masu nazarin garuruwan da Faransa ta mallaka kan ambaci Puducherry, a gaɓar tekun kudu maso gabashin Indiya, inda al'adar Faransa ta haɗu da ta Tamil. Faransawa sun kafa sansaninsu a can a 1674, suka miƙa wa Indiya mulki a 1954. Wata magudanar ruwa ce ta raba unguwar Turawa da ta Tamil, kamar yadda barikin Zinder ya ware daga Birni. Har yau titunan unguwar suna ɗauke da sunayen Faransanci, 'yan sanda na sa jar hula irin ta Faransa, ana kuma bikin 14 ga Yuli. Bambancin yana da girma. A Puducherry zaman ya kusa shekara 300, kuma yanzu gadon ya zama abin jawo 'yan yawon buɗe ido, alhali Tamil ce harshen yau da kullum. A Zinder shekara 61 ne, an shigo da yaƙi, an yi aikin tilas har zuwa 1946, kuma Faransanci ya ci gaba da zama harshen hukuma bayan 'yancin kai na 3 ga Agusta 1960, ko da yake akasarin jama'a ba sa jin sa.

Halin da ake ciki

Dangantakar garin da Faransa ba ta rasa tsami ba. A ranar 16 ga Janairu 2015, yayin zanga-zangar adawa da zanen ɓatanci da mujallar Charlie Hebdo ta buga, an ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Zinder tare da wasu coci-coci, an kuma rasa rayuka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kawo Janar Abdurahman Tiani, sojojin Faransa sun fice daga ƙasar a watan Disamba na wannan shekarar. A Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon kundin mulkin riƙon ƙwarya kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Sauya matsayin harshe a takarda ya fi sauya shi a aji sauƙi. Yawancin littattafan sakandare da na jami'a da kundayen shari'a da Faransanci aka rubuta su, haka ma rubutun da ke jikin takardar sefa. Akwai kuma tambayar da masu tsara kalmomi za su fuskanta: ko Hausar hukuma za ta riƙe biro da duwan da lakkol, waɗanda mutanen Damagaram suka tashi da su, ko za ta ɗauko ofis da kwastan daga Kano, waɗanda su ma aro ne.